Wa Zai Ɗaga Dogo?

Ƙarfe tara ta wuce, rana ta shigo ta taga har ta taɓa gefen gado, amma Yaya Babba bai zo ba. Dogo na kwance rigingine, ya kafe silin da ido yana cizon leɓe. Matarsa Ƙarama ta san wannan cizon. Fitsari ne ya matse shi tun asuba, kuma ya rantse ba zai ƙara yi a roba ba alhali mahaifiyarsa na zaune a falo tana jin komai.

"Yallaɓai, bari in gwada mana. Tsakaninka da keken nan fa taku biyu ne."

"Ki bari."

"To in kira maƙwabci?"

"Na ce ki bari, Ƙarama!"

Ta zauna a gefen gadon. Wata biyar ke nan da ya faɗo daga kan turken wutar lantarki yana bakin aikinsa. Ƙafar hagu ta daina ji gaba ɗaya, ta dama kuwa tana ɗan ɗaukarsa na ƙiftawar ido. Kilo tamanin da biyar ne shi, ita ko da mayafi da takalmi ba ta kai hamsin da biyu ba. Don haka kullum sai yayansa ya biyo kafin ya wuce shago ya ɗaga shi daga gado zuwa keken guragu, da yamma ya dawo ya mayar da shi. Ranar da Yaya Babba ya makara, ranar Dogo ya shiga uku.

"Gwada me?" Inna ce tsaye a bakin ƙofa, carbi a hannu. "Wancan makon da kika gwada ba a ƙasa na tsince ku ba, ke da shi, kamar an zubar da kayan wanki? Har yau dafe da baya kike tafiya, kina tsammanin ba na gani."

"Tsautsayi ne, Inna."

"Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma ganganci kullum ranarsa ce. Ki buɗe kunne ki ji ni. Mun gama magana da yayansa. Likita ya ce saura wata uku a gama gashin ƙafar nan. Ranar da aka gama, mota za ta zo. Can gida akwai maza huɗu a ɗakin samari, ko tari ya yi za a ɗaga shi. Ke kuma ki je wurin iyayenki ki huta."

"In huta har zuwa yaushe, Inna?"

"Har Allah Ya yi ikonSa."

Ƙarama ba yarinya ba ce, malamar makaranta ce da ta shekara uku a ɗakin miji. Ta san hutun da ba a yanka masa rana ba rabuwa ce aka saya sunanta. Ta juya ta dubi Dogo ko zai ce wani abu. Idonsa na kan silin, hawaye na gangarowa zuwa cikin kunnensa.

Ranar Talata a asibiti, likitar gashi, wata 'yar gajeruwa mai tabarau, ta lura da yadda Ƙarama ke tura keken tana yamutsa fuska. Ta ja ta gefe, ta sa ta ta ba da labari tun daga farko. Da ta gama ji sai ta cire tabarau ta ce, "Hannuwansa lafiya lau, ƙafa ɗaya tana taimakawa. Ba dukkansa za ki ɗauka ba, rabi ne. Amma rabin ma jikinki bai shirya masa ba. Ki je ki fara ɗaga ƙarfe, sau uku a mako."

"Ɗaga ƙarfe? Ni?"

"Ke fa. Akwai jim, wato gidan motsa jiki, na mata zalla a saman kantin da ke kallon tashar mota. Ki ce wa Koci, mai horar da su, ni na turo ki. In kin bi a hankali, wata uku ba kaɗan ba ne."

Da ta san abin da maganar za ta jawo, da ta haɗiye ta. Amma Ƙarama ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, tana shiga gida ta faɗa. Inna ta ajiye kofin shayinta har ya fantsalo.

"Ƙarfe! Mace da ɗaga ƙarfe! Mahaifarki kike so ta zazzago? Ke da ko ɓari ba ki taɓa yi ba, shi ne za ki je ki ƙarasa abin da ya rage? Wuya ya yi kauri, ƙirji ya shafe, ki dawo mana gardi a cikin gida!"

"Likita ce fa ta ce, Inna."

"Likitar ta taɓa ɗaga namiji?"

Kafin mako ya zagayo, shawara ta yi wa Ƙarama rubdugu. Mahaifiyarta ta kira a waya tana kuka, wai namiji ba ya son mace mai ƙwanji. Maƙwabciya ta ce ai ba sai an je ko'ina ba, ta dinga shan madara da ƙwai. Wata abokiyar aikinta ta turo mata bidiyo har goma sha ɗaya, kowanne na ƙaryata ɗan'uwansa. Ita shawara da yake ba saye ake yi ba, kowa da buhu yake rabawa. Ƙarama ta toshe kunne, ta sayi takalmin kambas, ta hau benen.

Ɗaki ne dogo mai madubi a bango ɗaya, da fanka biyu, ɗaya ta mutu. Koci mace ce da ta haura hamsin, da furfura a gaban goshi, kuma ba ta sayar da murmushi da araha. Ta dubi Ƙarama sama da ƙasa, ta wuce duk ƙarafan da ke jere, ta miƙo mata sandar katako.

"Tsugunna. Baya a miƙe. Ƙirji gaba. Tura ƙasa da dunduniya, ki tashi. Sake."

"Anti Koci, mijina fa kilo tamanin da biyar ne."

"Na ji. Sake."

Mako biyu cur tana tsugunno da sanda, tana kallon 'yan mata suna ɗaga faifan ƙarfe manya-manya. Kowace rana ta wuce, sai ta ji kamar ƙarar motar nan na matsowa. A mako na uku aka ba ta sandar ƙarfe da faifai biyu ƙanana. Koci na juya baya za ta amsa waya, Ƙarama ta yi wuf ta ƙara manya biyu. Ta sunkuya ta fizga. Wani abu ya soke ta a ƙugu, ta saki ƙarfen ya daki ƙasa, ɗakin ya yi tsit.

Koci ba ta ɗaga murya ba. Ta zo ta danna bayan da yatsa, ta sa ta ta taka, ta tabbatar ba a yi ɓarna ba, sannan ta ce, "Kullum kina zuwa kina yi mini kukan surukarki ba ta jin shawara. Ke kina ji? Shawara kika zo nema, ko wadda za ta ce miki 'to' kika zo nema? In kika karye a nan, motar ba sai ta jira wata uku ba."

Kunya ta kama Ƙarama har ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta ba da haƙuri, ta huta kwana biyar, ta koma kan ƙananan faifai. Daga ranar ba ta sake taɓa abin da ba a miƙo mata ba.

Sannu ba ta hana zuwa. A mako na goma tana ɗaga kilo sittin daga ƙasa, bayanta a miƙe. Ciwon ƙugun ya tafi, tana hawa bene ba ta haki. Koci kan zauna a benci ta saki jiki, Ƙarama ta ɗaga ta zuwa kujera, ta mayar da ita, har abin ya zauna mata. Wuyanta bai yi kauri ba, ko da yake Inna na auna shi da ido kullum. Matsala ɗaya ce ta rage, kuma ita ce babba. Dogo ya ƙi yarda ta taɓa shi. Ko a gaban likita aka ce su gwada, sai ya ce kansa na ciwo.

Saura kwana shida, da la'asar, tana shafa masa mai a ƙafar da ba ta ji, ya kamo hannunta ya juya tafin. Kanta ta fito a gindin kowane yatsa. Ya daɗe yana kallo.

"Na gaya wa Inna na yarda. Zan bi motar."

Kwalbar man ta suɓuce mata. "Ka yarda? Ba tare da ka tambaye ni ba?"

"Dubi hannunki, Ƙarama! Hannun da ban taɓa bari ya ɗauki jarkar ruwa ba. Ban auro ki don ki zama 'yar dako ba."

"Da ni ce na faɗo, gidanmu za ka mayar da ni?"

"Ni namiji ne."

"Ni kuma matarka ce! Wata biyu da rabi ina hawa benen nan, na sha zagi, na sha gori, uwata ta yi fushi da ni, duk don in ɗaga ka taku biyu. Sau ɗaya tak ka ba ni dama, Yallaɓai. Sau ɗaya!"

"In kika sake faɗuwa a ƙarƙashina fa? In na karya ki, da wane ido zan dube ki?" Ya saki hannunta. "Shekararki ashirin da shida. Ki je ki yi rayuwarki."

Ya juya fuska bango. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gadon tana kuka mara sauti, don kada Inna ta ji daɗi. Ta ji haushinsa, ta ji tausayinsa, kuma ta san sonta ne ya sa yake korarta. Wannan ne ya fi ƙona mata rai, don babu yadda za ka yi faɗa da mutumin da ke cutar da kai saboda ƙauna.

Ranar ta zo. Yaya Babba ya iso da sassafe da motar, ya ɗaga ƙaninsa ya kai shi banɗaki, ya zaunar da shi a kan kujerar robar da yake wanka, ya ce bari ya je ya sha mai kafin a gama shiri. Ƙarama na ɗaki tana ninke rigunan mijinta a akwati, tana ninkewa tana warwarewa. Inna na falo, ta riga ta yafa mayafi.

Sai suka ji ƙara, ƙas! Sannan wani abu mai nauyi ya daki ƙasa.

Ƙarama ce ta fara isa. Ƙafar kujerar ta ɓalle. Dogo na yashe tsakanin bango da masai, jikinsa duk kumfar sabulu, goshinsa ya fashe, famfo na zuba a kansa. Ƙafar hagun ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa ta yadda ƙafar mutum ba ta lanƙwashewa, shi kuwa bai ma sani ba. Gabanta ya faɗi, don likita ta sha gaya musu ƙafar da ba ta ji ita ce abin tsoro, tana iya lalacewa mai ita bai ankara ba.

Inna ta danna wa Yaya Babba kira. "Yana layin mai! Wai sai rabin awa!"

Ƙarama ta jefa wa mijinta tawul, ta tsugunna a gabansa, ta zura hannuwa ƙarƙashin hammatarsa. Santsi ya kwashe hannun. Ta sake kamawa. Shi kuma tsoro ya sa ya rungumo wuyanta da hannu biyu ya ƙanƙame. Ta ja numfashi za ta tashi.

"Tsaya! Kar ki ɗaga!"

Wani baƙin ciki ya taso mata. Ko yau ma? Ko a wannan halin ma? "Inna, don girman Allah yau dai ki ƙyale ni!"

"Na ce ki tsaya! Kai kuma sake mata wuya, kashe ta za ka yi? Ke, kashe famfon nan! Goge ƙasan!"

Wata uku bakin nan bai faɗa mata kalma ɗaya mai daɗi ba. Zuciyarta na ce mata ta yi kunnen uwar shegu, ta ɗaga, ta nuna wa tsohuwar nan abin da ta koyo. Amma gaskiya ɗaya ce, daga benci zuwa kujera aka koya mata, ba a taɓa koya mata ɗaga jiƙaƙƙen mutum daga ƙasa ba. Kuma muryar Inna yau ba ta gori ba ce, ta wadda ta san abin da take faɗa ce. Ƙarama ta saki. Ta kashe famfo, ta goge ƙasan da rigar da ke kafaɗarta.

Inna ta dawo da zanen gado. Kafin ka ce kwabo ta ninke shi ya yi tsawo, ta durƙusa da ƙyar, ta zura shi ta bayan ɗanta, ta zagayo da shi ƙugunsa, ta ƙulle tamau. "Jiki mai sabulu ba a kama shi, zane ake kamawa. Riƙe nan da nan. Ɗan karkato shi in zaro ƙafar." Ta zaro ƙafar a hankali ta miƙar da ita, ta shafa ta tun daga gwiwa har idon sawu. "Ba ta karye ba, alhamdu lillahi. Jawo 'yar kujerar can ta wanki. Ba a kai mutum sama gaba ɗaya, hawa biyu ake yi. Kai, ɗora hannu a kafaɗarta, ɗayan ka dafa bakin masan. Ke tokare masa ƙafar daman da taki."

Ƙarama ta gyara tsayuwa. Ta tsugunna, baya a miƙe, ƙirji gaba, ta naɗe zanen a hannuwanta. Idonta ya haɗu da na mijinta.

"Ka yarda da ni, Yallaɓai?"

Ya dafa kafaɗarta. "Bismillah."

"Ɗaya, biyu, uku!"

Ta tura ƙasa da dunduniya. Cinyoyinta suka ɗauki wuta, amma Dogo ya tashi, ya sauka a kan 'yar kujerar. Inna ta turo keken ta danne birki, ta tsaya a baya ta riƙe. Suka sake ƙirgawa. Wannan karon ƙafarsa ta dama ta taimaka, ya miƙe har ya fi ta tsawo kamar da, ta juya da shi taku biyu, ta sauke shi a hankali. Keken ko motsi bai yi ba.

Famfo na ta ɗiga. Ƙarama ta danne masa goshi da tawul. Inna ta lallaɓa ta zauna a kan 'yar kujerar, tana kallon surukarta kamar yau ta fara ganinta.

"Ba ki sunkuya ba," in ji ta.

"Koci ta hana, Inna. Ta ce da ƙafa ake ɗagawa, ba da baya ba."

"Ni sunkuyawa nake yi." Tsohuwar ta share ido da bakin mayafi. "Shekara bakwai ina ɗaga ubansu yana kwance ba lafiya, ni kaɗai. Wannan yana goye aka gama, bai san an yi ba. Ba wanda ya ce mini ga yadda ake yi, zanen ma sai da na sha wuya na gano shi. Ciki biyu na zubar a bakin gadon mutumin nan. Kina ganin bayana kina cewa tsufa ne? Tun ina da shekara talatin ya ranƙwafa."

Ƙarama ta durƙusa a gabanta, hawaye na zuba. Duk tsawon watannin nan ta ɗauka ƙiyayya ce.

"Da na gan ki a ƙasa ranar nan, kaina na gani," in ji Inna. "Na ce gara ki tsane ni ki tafi da lafiyarki. Ban san ana koyon abin ba, 'yar nan. Da kika ce likita, sai na ji kamar ana ce mini wahalata ta banza ce."

"Ba ta banza ba ce, Inna. Da ban ji maganarki ba yau, da mu biyu za a kwasa."

Hon ɗin mota ya karaɗe layin. Yaya Babba ya shigo da gudu yana haki, ya tarar da ƙaninsa zaune a keke an ɗaura masa zanen gado, ga karyayyiyar kujera a gefe. "Subhanallahi! Wa ya ɗaga shi?"

Inna ta nuna Ƙarama da haɓa. Yaya Babba ya dube ta, ya dubi Dogo, ya sake dubanta. "To... a fito da kayan ne?"

Inna ta dubi Dogo, ta bar wa mai maganar maganarsa. Ƙarama ta sunkuyar da kai, zuciyarta na bugawa fiye da lokacin da take ɗagawa. Dogo ya ɗago kai.

"Yaya, ka yi haƙuri da wahalar layin mai. Ina nan gidana." Ya juyo ga matarsa. "Girman kai ne na sa masa sunan tausayi. Ki yafe mini."

Ta gyaɗa kai tana dariya tana kuka.

Haka Allah Ya saka wa Ƙarama haƙurinta. Da ta bi kowane baki, da ba ta taɓa hawa benen nan ba. Da kuma ta toshe kunne ga kowane baki, da ta karye a banɗaki tare da mijinta. Shawara aunawa ake yi, ba a karɓarta don mai ita ya iya lallashi, ba a kuma jefar da ita don ta fito daga bakin da ya saba yi maka ɗaci. Wani faɗan ma tsohon ciwo ne da mai shi ya rasa yadda zai faɗa.

Yaya Babba ya juya zai fita, yana sosa ƙeya. Inna ta kira shi.

"Sauko mini da jakata daga but ɗin motar. Ni ma ba inda za ni, sai yarinyar nan ta kai ni wurin likitarta an duba ko bayan tsohuwa yana da sauran gyara."